Ƙofar da Aka Rufe wa Firaminista

Mastura mai dafa abinci ce ta gan shi, ranar Juma'a bayan la'asar. Tun azahar ita da nas ɗin gidan suke neman tsohon ɗaki-ɗaki, sai da ta zagaya can ƙarshen fili ta lura an zura sakatar ɗakin injin ruwa ta waje, ɗakin da ba a taɓa rufewa ba. Ta zare sakatar. Zafin da ya fito ya buge ta kamar ta buɗe tanderu. Tsohon yana zaune a keken guragunsa ba rai, kai ya langaɓe, hannun dama a kumbure, fatar yatsun ta saluɓe saboda dukan ƙofar ƙarfe.

Sunansa Ostap Dorosh, shekararsa saba'in da tara. A da ya riƙe kujerar firaministan Yukren na wata goma sha huɗu, kafin jama'a su cika tituna su kore shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune a wannan gida na Abhur, arewacin Jidda, ba ya fita sai asibiti. Mutum huɗu ne tare da shi: Mastura, da direbansa Rafi'u, da nas mai suna Halina, da sakatarensa Vasil.

'Yan sanda sun tarar da sawun tayoyin keken a yashi, tun daga ƙofar kicin har ɗakin injin, a tsakaninsu kuma sawun silifa. Silifan na Rafi'u ne. Kafin magariba suka tafi da shi.

*

Labari ya riga dare isa Sa'alaba, unguwar da Rafi'u ke zaune da iyalinsa cikin 'yan uwansa Hausawan Sudan. Kowa ya san cewa ranar Laraba Rafi'u ya nemi izinin tafiya Gadarif ya ɗauko mahaifiyarsa daga sansanin 'yan gudun hijira, tsohon ya hana shi. Kowa ya san ya dawo gida yana cewa wallahi zai ga ƙarshen mutumin nan. A ƙofar masallaci wasu na cewa ba zai aikata ba, wasu na cewa zuciya ba ta da tabbas. Abin da ya fi damun yawancinsu shi ne kada a fara bin unguwar ana duba iƙamar mutane, wato takardar izinin zama, saboda laifin mutum ɗaya. Matan da suka saba shiga gidansa suka ɗauke ƙafa.

Matarsa Ikilima ba ta jira kowa ba. Ta ɗauki ƙaramin ɗanta ta nufi kasuwar dabbobi, inda Nomau ke gadin garken raƙuman wani Balarabe. Nomau mutumin Tanut ne a Nijar, ya haura sittin, kuma tun yana yaro yake bin sawun raƙuman da suka ɓace a jeji. A Jidda ma an san shi da haka.

"Baba Nomau," in ji Ikilima, "takalmi ya saka ya tafi masallaci, a gabana ya goge su. Silifansa a ƙofar ɗakinsa na can gidan yake barin su. Na faɗa musu, sun ce shi ke nan, in je gida."

"Bayan masallaci ina ya tafi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce bakin teku ya je ya zauna, ransa a ɓace. Shi kaɗai."

"To, ɗiyata, ban yi miki alkawari ba. Abin da ƙasa ta faɗa mini shi zan faɗa, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba. Kin yarda?"

"Na yarda."

Nomau ya ciro wayarsa. Jami'in da ke riƙe da binciken, Mulazim Meshari, ya san shi: shekara uku da suka wuce Nomau ne ya gano wa kawunsa raƙuma tara da aka kora. Kakan Meshari ma mai bin sawu ne, don haka bai raina sana'ar ba. Ya ce ya zo gobe da sassafe.

*

Suka shiga filin rana tana fitowa, lokacin da haske ke zuwa daga gefe, kowane ɗan rami a yashi yana da inuwarsa. An kewaye hanyar da igiya. Nomau ya cire takalminsa, ya bi gefen igiyar a hankali, hannuwa a baya. Sau uku yana durƙusawa. Meshari na biye da shi.

"Ya Ammi, me ka gani?" ya tambaya daga bisani, da Larabci.

"An tura keke da nauyi a ciki, an dawo babu keke. Mai tafiyar ya bi gindin katanga, ya matse jikinta. Ka ga iyakar inda ya taka? Faɗin inuwa ke nan daf da azahar. Yana gudun zafin yashi."

"Kowa na gudun zafin yashi."

"Mutumin da ya girma a zafin Wad Madani kamar Rafi'u ba ya gudunsa haka." Nomau ya nuna wani wuri kusa da famfon wanke mota. "Ga tsohon sawun Rafi'u, na kwana biyu. Yana jan ƙafar hagu kaɗan, silifa na watsa yashi baya. Wancan na hanyar keke ba ya watsa komai. Ɗaga ƙafa yake yi gaba ɗaya yana ajiyewa, kamar mai tsoron kada silifan su fita."

Ya sake durƙusawa, ya kusantar da fuskarsa har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa. A bayan kowane sawun silifa akwai wani ɗan lanƙwasasshen tabo, kamar jinjirin wata, inda diddigen mai tafiyar ya zarce silifan ya taɓa yashi. A cikin tabon akwai ƙananan layuka a jere, sirara, ba irin tsagar fatar ƙafa ba. Ya daɗe yana kallonsu. Ya roƙi Meshari ya ɗauki hotonsu, kuma a kifa kwanuka a kai kada iska ta share.

"Silifan nasa ne," in ji shi. "Ƙafar ba tasa ba ce."

*

Mastura tana kicin, idanunta sun kumbura. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta cike da Larabci.

"Shekara tara ina dafa masa," ta ce. "Ba mutumin kirki ba ne, ya Ammi Nomau, amma ba shaiɗan ba ne. In na yi masa miyar kabeji yakan ce uwarsa ta fi ni iyawa, sai ya cinye tas. Ya ce ubansa mai haƙar kwal ne, shi ma ya shiga rami yana da shekara sha bakwai. Ya nuna mini baƙin tabo a goshinsa, ya ce kwal ne ya shiga fata bai fita ba."

"Wa ya gan shi ƙarshe?"

"Halina. Ƙarfe sha ɗaya ta ba shi magani, shi kuma maganin na sa shi barci. Ta bar shi a falo. Ni ina wanka zan yi salla. Ustaz Vasil yana ɗakinsa, ƙafafunsa na ciwo."

"Akwai wani abu da ya sauya a gidan kwanan nan?"

Ta duba ƙofa, ta rage murya. "Wata biyu ke nan kullum da hantsi yana magana da yarensu, Halina na riƙe da waya tana ɗauka. Wani lokaci yana kuka. Ranar Alhamis wajen karin kumallo ya faɗa wa Ustaz Vasil wata magana, shi kuma ya ajiye cokali ya tashi. Ban san me ya ce ba. Kuma akwai wani abu. Halina tana da hoton wani mutum da hular haƙar kwal a ƙarƙashin matashinta. Na gani ina canza zanen gado. Wallahi ban faɗa wa kowa ba."

*

Vasil ya karɓe su a ɗakin littattafai. Dogo ne, farin gashi, ya kusa saba'in. Duk da zafin Yuli yana sanye da kwat da rufaffen takalmi mai laushi. Larabcinsa na makaranta ne, mai tsafta.

"Shekara talatin da huɗu ina tare da shi," ya ce. "Na san shi yana shugaban mahaƙa, na bi shi ya zama gwamnan jiha, na bi shi majalisa. Lokacin da ya zama firaminista ƙasar ba ta da wuta, ba ta da gas, mutane na ƙona kujerunsu don su ji ɗumi. Shi ya dawo da wuta cikin wata biyar. Ba wanda ke tuna wannan. Abin da suke tunawa ramin kwal ɗaya ne."

"Wane rami?" in ji Meshari.

"Gobara ta tashi a ƙarƙashin ƙasa, a watansa na goma sha uku a mulki. Mutum arba'in da ɗaya na ciki. In ba a toshe ramin ba wutar za ta ci sauran ramuka shida. An tabbatar masa babu mai rai. Ya sa hannu aka toshe. Daga baya 'yan adawa suka ce akwai masu rai, aka cika tituna, ya sauka." Ya gyara zama, ya yamutsa fuska kamar ƙafar ta motsa masa. "Na ji an ce ba direban ba ne. To, Mulazim, ka tambayi nas ɗin sunan mahaifinta. Yana cikin arba'in da ɗayan nan. Na gano haka makon jiya. Ka duba yadda aka kashe shi: an rufe shi a ɗaki mai zafi, an bar shi yana buga ƙofa. Wa zai zaɓi irin wannan mutuwa?"

Nomau bai yi tambaya ko ɗaya ba. Yana zaune a kan darduma kusa da ƙofa, idonsa a ƙasa kamar wanda hirar ba ta shafa ba.

Da suka fito Meshari ya ce, "To, ga ƙafarmu."

"Wataƙila," in ji Nomau. "Mu ji ta bakinta."

*

Halina ba ta musa ba. Mace ce 'yar kimanin talatin da biyar, ƙarama, Larabcinta na asibiti ne, gajere-gajere.

"E, mahaifina ne. Ina da shekara ashirin da biyu aka rufe shi. Ba mu samu ko ƙashinsa ba. Na nemi aikin nan da gangan, shekara biyu da suka wuce. Na zo da niyyar in kashe shi. Abu mai sauƙi ne ga nas."

Meshari ya ajiye alƙalaminsa. "Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani. Wata shida ina masa wanka ina jiran zuciyata ta ƙarfafa. Wata rana ina aske masa gemu sai ya kira ni da sunan mahaifina. Ashe tun ranar farko ya gane. Ya haddace sunayen duka arba'in da ɗayan, da ƙauyukansu. Ya ce in zan yi in yi, amma in bari ya faɗi gaskiya tukuna. Shi ya sa muka fara ɗaukar muryarsa. Ya faɗi yarintarsa, da yadda ya sayi ƙuri'u a zaɓensa na farko, da mutanen da ya taka ya hau. Ya zo kan ramin ranar Laraba. Ya ce akwai mutumin da ya aika bakin ramin ya saurara, wanda ya dawo ya ce masa shiru ne. Ya ce ranar Asabar zai faɗi sunansa da abin da ya ji a zahiri. Yau ke nan. Me zai sa in kashe shi jiya? Shekara goma sha uku ina jiran wannan magana."

"Ina wayar?"

"Tun jiya da azahar ban gan ta ba."

Meshari ya dubi Nomau. Maganarta tana iya zama gaskiya, tana kuma iya zama ƙarya da aka shirya da kyau. Nomau ya tashi, ya ce a ba shi mota zuwa kanti, kuma a kawo Rafi'u bayan la'asar.

*

Da la'asar ta yi, Nomau ya share wani yanki na filin da manjagara har yashin ya kwanta lumui. Ya ɗora buhun siminti a keken tsohon. A gefe ya ajiye sabbin silifa irin na Rafi'u sak, masu igiya tsakanin yatsu, lambarsu ɗaya da nasa. Aka fito da kowa: Mastura, Halina, Vasil, da Rafi'u da ankwa a hannu, fuskarsa ta faɗa cikin kwana ɗaya.

"Kowa zai saka waɗannan ya tura keken zuwa katanga ya dawo," in ji Meshari. "Yalla."

Aka cire wa Rafi'u ankwa, ya yi tafiyarsa, ƙafar hagu na ja, yashi na watsuwa baya. Mastura ta yi, silifan sun yi mata yawa, tana jan su. Halina ta tuɓe takalman robarta ta zura ƙafa. Ƙafarta ƙarama ce, ta bar sarari kamar yatsu uku a bayan silifan. Diddigenta bai kusanci yashi ba.

Saura Vasil.

"Ina da ciwon suga," ya ce. "Jijiyoyin ƙafata sun lalace. Likita ya hana ni taka ƙasa ba safa."

"Kada ka cire safar," in ji Nomau. Shi ne karo na farko da ya yi masa magana. "Saka a kanta."

Vasil ya dube shi, ya dubi Meshari. Ya zauna a bakin famfo ya kwance takalmansa. Safar mai kauri ce, ruwan toka. Da ya zura ƙafa, igiyar silifan ta ƙi shiga tsakanin yatsunsa saboda safar, ƙafar ta tsaya a baya, diddigen ya zarce. Ya kama keken. Taku na farko silifa ta nemi fita, sai ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya ya ajiye. Ya yi taku shida ya tsaya.

Nomau ya durƙusa a bayansa. Ya kira Meshari da hannu, ya nuna masa jinjirin watan da ke bayan kowane sawu, da layukan saƙar safa a cikinsa. Sannan ya je ya ɗaga kwano ɗaya daga tsohuwar hanyar. Babu bambanci ko na gashi.

"A gidan nan mutum ɗaya ne ba ya iya raba ƙafarsa da safa," in ji Nomau. "Kuma mutum ɗaya ne yashin azahar zai ƙona bai sani ba sai ya ga ciwo, shi ya sa ya bi inuwa."

Vasil bai saki keken ba. Ya daɗe yana kallon buhun simintin. Da ya yi magana, da Larabci ya yi, kamar yana son kowa ya ji.

"Sun yi ta bugawa," ya ce. "Da guduma, a jikin bututun ruwa. Uku, shiru, uku. Na tsaya awa guda ina saurare. Na san in na faɗa masa ba zai sa hannu ba, wutar za ta ci ramuka shida, gwamnati ta faɗi. Na koma na ce masa shiru ne. Gwamnatin ta faɗi duk da haka." Ya ɗago kai. "Bara na faɗa masa gaskiya, ina tsammanin mun tsufa, abin zai mutu tare da mu. Sai ya ce zai gaya wa duniya. Ina da jikoki a can. Suna ɗauke da sunana."

"Shi ma ya buga," in ji Mastura. "Hannunsa duk ya fashe."

"Na ji shi," in ji Vasil. "Tagata tana kallon wajen."

Halina ta faɗa masa wata magana da yarensu, a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ba wanda ya tambaye ta ma'anarta. Aka mayar da ankwar da aka cire wa Rafi'u zuwa hannun Vasil. Wayar kuwa ya ce ya farfasa ta ya jefa a tankin ruwa, kuma can aka same ta, ba abin da ya rage a ciki.

*

An saki Rafi'u bayan kwana biyu. Mutanen da suka ɗauke ƙafa daga gidansa suka cika shi da barka, Ikilima ta dafa musu shayi ba ta ce musu komai ba. A makon nan ya tafi Gadarif, ya tarar da mahaifiyarsa da rai, ya dawo da ita.

Gawar firaminista kuwa ta kwana arba'in da uku a firjin asibiti. Ɗansa da ke Turai ya ce ba ruwansa. Jam'iyyar da ya kafa ta daɗe da rushewa. Jaridun ƙasarsa sun ba shi layi kaɗan a shafin ciki, suka koma kan labarin yaƙi. A ƙarshe Halina ce ta bi ofis-ofis ta sa hannu a takardun, ta ce ita za ta raka shi.

Ranar tafiyar Rafi'u ya ari mota ya kai ta filin jirgi, Nomau na zaune a gaba, motar gawar na gabansu. Da suka kusa isa Rafi'u ya dubi Halina ta madubi.

"Ki yi haƙuri da tambaya," in ji Rafi'u. "Mutumin nan shi ya sa hannu aka rufe mahaifinki. Ni izini kawai ya hana ni, amma har yau ban iya kallon akwatin nan ba. Ke me ya sa?"

"Ba don na yafe masa ba ne," in ji Halina. "Garinmu yana hannun sojojin wata ƙasa yanzu, ba zan iya kai shi can ba. Zan binne shi inda aka bar ni in binne shi. Matan mutanen nan da 'ya'yansu suna warwatse ko'ina, amma ina da lambobin goma sha tara daga cikinsu. Zan kira su bakin kabarin in faɗa musu abin da na ji a filin nan. Shekara goma sha uku ana ce wa uwata mahaukaciya don ta ce mijinta yana da rai lokacin da aka toshe ramin."

"Tana nan da rai?" Nomau ya tambaya.

"Tana nan. Ita zan fara kira."

Motar gawar ta karkata zuwa ƙofar kaya. Halina ta sauka, ta rataya jakarta, ta bi bayan akwatin da ƙafa, ita kaɗai.